Ajiyar Uba

Ranar wata Talata da hantsi, yayana ya riƙe wuyan rigar ɗansa ya kai shi ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. Yaron bai yi sata ba, bai daki kowa ba, ba a kama shi da ƙwaya ba. Magana ya yi. Ni ce gwaggonsa, a gidan nake zaune, kuma tagar ɗakin da nake saƙa tana kallon rumfar waldar Yaya, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Lauya muke ce masa, don tun yana ɗan mitsitsi ba ka ce masa tafi ya tafi sai ya ji dalili. Shekararsa goma sha bakwai, saura kwana goma sha uku ya fara jarrabawar gama sakandare. Katin shiga jarrabawar, mai hotonsa da cikakken sunansa, ni ya ba ajiya. Na rataye shi a ƙusar da ke saman keken saƙata, don ƙannensa ba sa barin takarda ta kwana lafiya. Ba zan wanke yaron tas ba. Yana da baki, ni kaina na sha ja masa kunne.

Akwai wani sajan 'yan sanda da ya mayar da bencin rumfar Yaya ofishinsa na biyu. Rumfar ta ɗan ci titi, kowa ya sani, kuma duk ranar da masu rusau suka zagayo, Saja ne ke ɗaga musu hannu su wuce. Shi ya sa in ya iso Yaya ke kashe injin walda, ya cire baƙin tabarau, ya goge masa benci kamar surukinsa ne ya zo.

Ran nan Lauya ne a kan bencin, littafi a cinya. Saja ya zauna a ɗaya gefen, ya tuɓe takalmi ɗaya ya tura masa da ƙafa.

"Kai ɗan boko, goge min wannan."

Lauya bai ɗago ba. "Karatu nake yi."

"Gaisuwar ma ba ka iya ba?"

"Ina kwana."

"A zaune? Ba ka ga kaki ba ne?"

Nan ne Lauya ya ɗago, ya dube shi sama da ƙasa. "Na gani. Kakin na gwamnati ne, takalmin naka ne. Mai takalmi shi ke goge abinsa."

Wasu mutum biyu da suka zo karɓar ƙofar ƙarfe suka tuntsire da dariya. Ni dai har yau na yarda dariyar nan ce ta kai Lauya bayan kanta.

Saja bai ɗaga murya ba. Ya mayar da takalminsa a hankali, ya ɗaure igiya, ya ce, "Mai Walda, ka haihu amma ba ka yi tarbiyya ba. Kawo mana shi kwana biyu, muna da maganin irinsu. In ka bar shi, wata rana zai faɗa wa wanda bai san ubansa ba." Da zai hau babur sai ya ɗan taɓa ƙafar rumfar da ke kan titi da bakin takalminsa. "Ashe wannan ƙarfen yana nan har yanzu."

Na fito ko mayafi ban gama yafawa ba. "Yaya, ka mare shi a nan. Ka mare shi, ni ma in ƙara masa. Amma kada ka kai shi wurin nan."

"Koma kan saƙarki," in ji shi. "Ka ƙi naka duniya ta so shi."

Da la'asar na kai abinci. Ofishin ɗaki ne dogo, da kanta a tsakiya, da wani kofur mai jajayen idanu zaune a baya yana sakace. A bango akwai baƙin allo, an rubuta da alli: maza tara. Ta cikin ƙarafunan ƙofar sel na ƙirga kawuna, na samu goma.

"Ranka ya daɗe, tara na gani a allo, a ciki kuma goma ne."

"Naku ba ya cikin lissafi," in ji Kofur. "Ajiyar uba ce. Ba ma rubuta irinsu. Gata aka yi muku, malama, in sunansa ya shiga littafi ai ya zama mai laifi."

Har godiya na yi masa. Wannan godiyar tana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

An tuɓe wa Lauya riga da takalmi da bel, yana riƙe da wando da hannu ɗaya. Amma bakin yana nan.

"Gwaggo, gobe ki taho min da littafin lissafi."

"Ba a shiga da takarda," in ji Kofur.

"Wace doka ce ta hana?"

Kofur ya taso a nitse, ya zura hannu ta tsakanin ƙarafuna, ya damƙo gashinsa ya buga goshinsa da ƙarfe. "Wannan dokar." Ya koma ya ci gaba da sakacensa.

Laraba na tarar da leɓensa a kumbure. An ɗora masa fitar da bokitin bayan gida safe da yamma, kuma wurin kwanansa kusa da bokitin ne. Ya ci loma uku ya miƙa wa wani dattijo sauran.

Alhamis kwana biyun suka cika. Na tsaya a kan Yaya yana walda, tartsatsi na tashi.

"Yau ne fa."

"Ina da ƙofar mutane a hannu. Kuma Saja ya ce bai yi laushi ba tukuna. Jiya ma ya ƙi ce masa yallaɓai."

"Jarrabawa fa?"

"Jarrabawar da ba tarbiyya me za ta tsinana masa? Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Na shiga wurin uwar yaron. Tana tsugune a kicin tana zuba masa abinci a kwano, ta tsince duk naman tukunyar ta jera a sama, hawaye na ɗiga.

"Ki tashi mu je tare, ki buɗe baki ki yi magana."

"Ubansa ya fi mu sanin abin da ya dace," ta ce. "In na sa baki a ce ni na lalata shi."

Wallahi na so in kifa mata kwanon a ka. Kuka ta iya, kuka kuma bai taɓa buɗe ƙofar sel ba.

Juma'a da yamma Yaya ya ga dama, ya tafi ɗauko yaron. Na bi shi. Muka tarar an tura Saja aiki wani gari tun safe, ba a san ranar dawowarsa ba.

"Wanda ya karɓi ajiya shi ke bayar da ita," in ji Kofur. "Ni ba ni da shi a littafi. A kan me zan sa hannu in ce na saki wanda ban kama ba?"

Na jira in ji Yaya ya buga kanta. Mutumin da in ƙaramin ɗansa ya zubar da shayi sai an ji muryarsa a bakin titi. Sai na ji ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Allah Ya ƙara girma." Ko wajen sel ɗin bai kalla ba, alhali ɗansa na tsaye riƙe da ƙarfe yana kallon ƙeyarsa.

Asabar allo yana nan da tararsa. Na ƙirga kawuna yadda na saba, na samu tara. Lauya ya matso, ya yi ƙasa da murya. Karo na farko ke nan da na ga tsoro a idonsa.

"Gwaggo, akwai wani da aka kama da wayoyin sata. Jiya yayyensa suka zo a mota, suka zagaya baya da Kofur, suka tafi da shi. Ba a goge sunansa ba."

"To sai me?"

"Suna tara, mutum tara. Da ni suka cike."

Da gudu-gudu na koma gida na faɗa wa Yaya. Ya ɗaga tabarau ya dube ni. "Ke da shi duk lauyoyi ne. Litinin Saja zai bugo musu waya a sake shi. Hukuma ba ta aiki da ka."

Litinin da sassafe na isa da shayi da burodi, na tarar da sel a buɗe ana wanke shi, an goge allo. Kofur ya tashi daga aiki. Wata 'yar sanda mai ƙaramin jiki, wadda na sha ganin tana miƙa wa na ciki ruwa ba tare da an roƙe ta ba, ta ja ni bayan ofis.

"Motar kotu ta tafi da su," ta ce. "Sufeto ya zo ya kira suna tara. Na taran ba wanda ya amsa, sai Kofur ya nuna yaronku. Ya ce ba sunansa ba ne, ya faɗi nasa har sau uku. Sufeto ya ce ranar kotu kowane ɓarawo ba ya sanin sunansa. Da kulki aka sa shi a mota."

"Ki zo ki faɗi haka a gaban alƙali."

Ta sunkuyar da kai. "Baiwar Allah, 'ya'ya uku gare ni, ubansu ya rasu. Na faɗa miki don ki yi sauri ne." Ta rubuta min lambar ɗakin kotun a tafin hannuna. A duk ofishin nan ita kaɗai na taɓa gaisarwa da zuciya ɗaya, kuma ita ba ta taɓa neman a gaishe ta ba.

Na isa kotu an riga an kira shari'ar. Lauya ya musa sunan, alƙali ya ɗage zuwa Juma'a, ya ce a ajiye shi a gidan yari. Magatakardan kotun, wani dattijo mai furfura, ya saurare ni a baranda.

"Abu mai sauƙi ne," ya ce. "Ki kawo takarda mai hotonsa da sunansa, ubansa kuma ya tashi ya ce ɗansa ne, shi ya kai shi. Ranar zai kwana a gida."

Na taho ina lissafi a hanya: Juma'a ya fito, Asabar da Lahadi ya huta, Litinin ya shiga jarrabawa. Na ciro katin daga ƙusa na nuna wa Yaya, na mayar na rataye. Wautata ke nan. Da na sani, da a cikin zanina zan ƙulle shi in kwana a kai.

Laraba sai ga Saja ya dawo, ya zauna a bencinsa. Na tsayar da keke na kasa kunne ta taga.

"Kuskure ne, kuma ɗan Adam ajizi ne," yake cewa. "Amma ka yi tunani, Mai Walda. In aka nuna katin nan, alƙali zai tambayi yadda yaro ya shiga sel ba a rubuta shi ba. Kofur zai rasa aiki, ni zan rasa, Sufeto zai sha tambaya. Kai ma da hannunka a ciki, kai ka kawo shi. Wanda za a turo a madadina kuwa bai san ka ba, bai san rumfarka ba."

Yaya ya yi tsuru-tsuru. "To yaya za a yi, ranka ya daɗe?"

"Ya amsa sunan kawai. Ya ce shi ne, ya yi nadama. Na yi magana da mai gabatar da ƙara, 'yar tarar kuɗi ce za a yanka, ni zan ji da ita. Laifin a kan sunan wancan zai zauna, sunan ɗanka fes. Ka ga kowa ya huta. Ni fa don ina ganin mutuncinka ne, wani ko waya ba zai ɗaga maka ba."

"Allah Ya saka da alheri," in ji yayana. Da kunnena na ji.

Alhamis da safe na dawo daga wanka na ga ƙusa tsirara. Na birkice ɗakin, na zazzage buhun zare, sannan na fita rumfa.

"Yaya, ina katin?"

"Wane kati?"

"Kada ka mayar da ni 'yar yarinya. Ba ni katin yaron nan."

"Ƙila yara sun ɗauka."

"Yaran da ba su kai tsayin ƙusar ba? Ka ji tsoron Allah. Ɗanka za ka mayar ɓarawo saboda ƙarfe huɗu da kwano?"

Ya ajiye abin walda ya taso min. "Ƙarfe huɗun nan su ke ciyar da ke. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga rumfar nan. Shi da ya buɗe baki ya zagi hukuma, ya tuna da haka? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Na tafi makarantar su Lauya. Shugaban ya ce zai ba da takardar shaida in uba ya zo da kansa ya nema, shi ba zai tsoma makaranta cikin rigimar 'yan sanda ana gab da jarrabawa ba. Kowa da rumfarsa da yake karewa.

Da azahar muka je gidan yari, ni da Yaya. An aske wa Lauya kai ƙwal, ƙuraje sun feso masa a tsakanin yatsu, ƙashin wuyansa ya fito. Yana ganinmu ya yi murmushi, don ya zaci mun zo da labarin gobe.

Yaya bai zauna ba. "Gobe in an kira sunan nan, ka amsa. Ka ce kai ne, ka tuba. Da yamma kana gida."

Lauya ya dube shi. "Baba, sunan ɓarawo ne fa."

"Na sani."

"To nawa fa? Wanda ka sa min?"

"Ni na sa maka, ni kuma na ce ka ajiye shi na yini ɗaya. Wannan gardamar taka ce ta kawo ka nan. Sau ɗaya a rayuwarka ka ce to."

Ya juyo gare ni. "Gwaggo, ina katina? Ke na ba ajiya."

Na kalli aljihun Yaya, Lauya ya bi idona da kallo. Yaro ne mai kai, bai sake tambaya ba.

Juma'a kotu ta cika. Saja yana tsaye a bakin ƙofa cikin kaki mai guga, Yaya yana zaune a benci na uku, ni ina bayansa. Aka kira sunan ɓarawon wayoyi. Aka turo Lauya cikin akwatin tsayuwa.

"Kai ne mai wannan suna?" in ji alƙali.

Muryarsa ta dishe, amma ta fito. "A'a, ranka ya daɗe." Ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na kakansa, ɗaya bayan ɗaya.

"Kana da shaida?"

Na miƙe. "Ni ce gwaggonsa. Gaskiya ya faɗa. Ubansa ne ya kai shi ajiya, ba a kama shi da komai ba."

Mai gabatar da ƙara ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, dangin waɗannan yaran kullum da irin labarin da suke zuwa da shi."

Alƙali ya dube ni ta saman tabarau. "Kina da takarda?"

"Tana aljihun ubansa. Ga shi nan zaune."

"Uban yaron nan yana cikin kotu?"

Yaya ya miƙe. Na ce alhamdulillahi a zuciyata, jini ya motsa. Ya tsaya, ya dubi ɗansa, ya dubi bakin ƙofa inda Saja yake. Sai ya gyara wuyan rigarsa, ya ratsa ta gaban mutane yana cewa a gafarce shi, ya fita waje.

Ban san lokacin da na fara zaginsa ba. 'Yan sanda biyu suka fitar da ni, ɗaya yana cewa mata ba su da ɗa'a. Ta taga na ji an ɗage shari'ar mako uku. Lauya bai yi kuka ba, yana dai kallon gurbin da ubansa ya tashi.

Litinin da safe 'yan ajinsu suka wuce ta ƙofar gidanmu cikin fararen riguna, kowa da katinsa a hannu. Yaya ya kunna injin walda tun kafin lokacinsa don kada a gaishe shi. Da dare ya ce wa uwar yaron, "Shi ya ja wa kansa. Da ya ji maganata da yanzu yana cikinsu." Ita kuma ta ce haka ne.

Na ci gaba da zuwa gidan yari duk ranar ziyara. Makon farko ya tambaye ni wace takarda aka rubuta. Mako na biyu zazzaɓi ya kama shi, ya zo yana rawar sanyi, wani ɗan ɗakinsu yana riƙe da shi, an ƙwace masa rigar sanyin da na saƙa masa. Mako na uku da na kira shi Lauya, sai ya waiga bayansa ya ga ko da wani nake. In gandiroba ya gifta, sai ya zube ƙasa ya tsuguna, hannu a ka, tun ba a ce masa komai ba.

Ranar da aka koma kotu, aka kira sunan ɓarawon wayoyi.

"Ni ne," in ji ɗan yayana.

"Ka aikata?"

"Na aikata, yallaɓai."

Ko minti biyar ba a yi ba. Saja ya cika alkawari, ya ji da tarar, har da kawo yaron gida a bayan babur ɗinsa. Yaya ya rasa inda zai sa shi don godiya.

Yanzu Lauya ba ya gardama da kowa. In ka ce masa rana daga yamma take fitowa, zai ce haka ne. Da ya ji ƙarar babur ɗin Saja sai ya fito da burushi da man takalmi, ya tsuguna tun kafin a miƙo ƙafa. Saja kan dafa kansa ya ce, "Ka gani, Mai Walda? Ba na faɗa maka muna da magani ba?" Maƙwabta na yaba wa Yaya, har wani ya zo tambayar yadda ake kai yaro ajiya, don nasa ma ya fara ɗaga kai. Abu ɗaya ne Yaya ya yi kamar bai lura da shi ba. Tun ranar da yaron ya dawo bai sake ce masa Baba ba, yallaɓai yake ce masa, yadda yake ce wa Saja da Kofur da gandiroba.

Ina jin masu cewa yaran yanzu ba sa girmama kaki, kuma ban ce ƙarya suke yi ba. Lauya ya yi rashin kunya ran nan, mari ɗaya da ba da haƙuri sun ishe shi. Amma wanda yake son a tashi masa tsaye, sai ya zama mutumin da in an ba shi ajiyar ɗan mutane zai dawo da shi yadda ya karɓa. Abin da Saja yake samu a ƙofar gidanmu yanzu tsoro ne, kuma shi bai damu ya bambance ba. Ba ma shi na fi jin haushi ba. Shi bai haifi yaron ba. Rumfa tana nan, ƙarfenta yana kan titi, masu rusau sun wuce sau biyu ba su tsaya ba, mu goma sha ɗaya muna ci, har da ni. Ba na jin daɗin lomar, amma ina haɗiyewa, kuma wannan ma ba zan ɓoye shi ba.

Watan jiya aka fara sayar da fom ɗin jarrabawar baɗi. Yaya ya sayo, ya shigo tsakar gida da fara'arsa, ya sa aka kira yaron. Uwarsa tana bakin kicin, ni ina ƙofar ɗakina da zare a hannu.

"Zauna ka cike," ya ce. "Ka ga ni ba na riƙo. Abin da ya wuce ya wuce."

Lauya ya tsuguna a gaban tabarma ya karɓi biro da hannu biyu.

"Akwai wurin da suke son tsohuwar lambarka," in ji Yaya. Ya sa hannu a aljihun ciki ya ciro katin, ya ajiye a kan fom ɗin. Katin ya ɗan lanƙwashe a gefe, zufa ta taɓa hoton, amma sunan yana nan raɗau. Ko kunya bai ji ba, ina jin ya ma manta ya taɓa cewa yara ne suka ɗauka.

Lauya ya kalli yaron da ke cikin hoton, mai gashi, mai ɗage haɓa. Ya kalli layin farko na fom ɗin.

"Rubuta mana. Me kake jira?"

Ya ɗago a hankali. Babu izgili a fuskarsa, na rantse da Allah babu, da ma akwai da na ji sanyi. Tambaya yake yi tsakaninsa da Allah, irin ta wanda ba ya son ya yi kuskure a dake shi.

"Yallaɓai, wane sunan zan rubuta?"

Yaya ya ɗaga hannu, ya zaci tsohon bakin ne ya dawo. Kafin hannun ya kai ko'ina yaron ya riga ya saki biro, ya dunƙule a ƙasa, ya rufe kansa da hannu biyu yana cewa, "Ni ne, yallaɓai. Na aikata."

Hannun Yaya ya tsaya a sama. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya rasa wanda zai ce masa haka ne. Ya sauke hannun a hankali, ya durƙusa, ya kira ɗansa da sunan da ya sa masa, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Yaron bai amsa ba.